Creole: wace kalma za mu sa a Hausa?

Malam Habibu: Jama'a, ana fassara wani rubutu da ke kwatanta Mobile (ana furta shi Mobil) ta jihar Alabama da New Orleans ta Louisiana, birane biyu a gaɓar Tekun Meziko, tsakaninsu kilomita 230 ko kusa da haka. Faransawa suka kafa su duka: Mobile a 1702, New Orleans a 1718, kuma wani jagoransu, Bienville, na da hannu a kafa kowanne. Kalmar da ta tsaya mana a wuya ita ce Creole. An kawo "ruwa biyu", an kawo "barbarar yanyawa". Me kuka gani?

Hajiya Rabi: Malam, a cire "barbarar yanyawa" tun yanzu, zagi ne, ba a kiran al'umma da shi. "Ruwa biyu" ba zagi ba ne, amma zai ɓatar da mai karatu. A Louisiana ta zamanin Faransa da Sifen, Creole na nufin wanda aka haifa a can, ba wanda jirgi ya kawo ba. Ɗan Bafaranshe fari sol da aka haifa a New Orleans Creole ne, ɗan bawa baƙi da aka haifa a gonar rake shi ma Creole ne. Haihuwa ake dubawa, ba launin fata ba. In ka sa "ruwa biyu" ka fitar da waɗannan biyun duka, ka bar rukuni ɗaya kawai.

Malam Ɗanjuma: Hajiya ta yi gaskiya. Asalin kalmar ma daga Fotugisanci ne, crioulo, daga aikatau criar, wato reno. Bawan da aka haifa aka rena a gidan ubangijinsa. Mu ma muna da wannan: bacucane, jam'i cucanawa. Ma'anar farko ta zo daidai kamar an auna.

Hajiya Rabi: Ta zo daidai a tushe, Malam Ɗanjuma, amma ba ta bi kalmar zuwa inda ta je ba. Da yawa daga Creole masu jinin Afirka 'yantattu ne, masu gidaje da sana'a, wasunsu ma sun mallaki bayi. Homer Plessy, wanda aka kama a jirgin ƙasa a New Orleans a 1892 don ya zauna a taragon farare, har shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli a 1896, Creole ne, kuma ɗa aka haife shi, ba bawa ba. Ka ce masa bacucane, ka ɗora masa bautar da bai yi ba.

Malam Isa: Ku dubi garuruwan biyu kafin ku yanke, don kalmar ba ta da nauyi ɗaya a cikinsu. Mobile ce hedikwata ta farko ta Louisiana ta zamanin Faransa, wadda ta fi jihar Louisiana ta yau faɗi. Ambaliya ta sa aka tashe ta daga inda aka fara kafa ta zuwa mazauninta na yanzu a 1711, sannan hedikwata ta koma garin Biloxi a 1720, daga can New Orleans. A 1763 hanyarsu ta rabu: Mobile ta faɗa hannun Birtaniya, New Orleans hannun Sifen. Sifen ta ƙwace Mobile a 1780, Amurka ta sayi New Orleans a 1803, ta shiga Mobile a 1813. Abin da ya fi raba su shi ne 1809, lokacin da 'yan gudun hijirar Haiti kusan 10,000 suka sauka New Orleans daga Kyuba, farare da 'yantattu da bayi, duk masu jin Faransanci. Garin ya kusa ninkawa, harshen ya sake samun jini. Mobile ba ta samu irin wannan ba, masu Turanci 'yan cinikin auduga suka mamaye ta. Shi ya sa a Mobile kalmar ta fi komawa kan wasu zuri'o'i sanannu, 'yan Katolika masu jinin Faransa da Afirka, alhali a New Orleans ta game mutane, harshe, gini har da girki. Kalmar siffantawa guda ba za ta ɗauki wannan duka ba.

Malam Habibu: To ke nan aro za mu yi?

Malam Isa: Aro, mu ɗinka masa rigar Hausa, kamar yadda muka yi da Bature, Turawa, Turanci. Bakiriyole, Bakiriyoliya, Kiriyolawa, harshensu Kiriyolanci. A karon farko da kalmar ta fito a rubutu a bi ta da bayani: haifaffun ƙasar tun zamanin Faransa da Sifen, da zuri'arsu. In maganar masu jinin Afirka ake, a ce Kiriyolawa masu jinin Afirka. Girki kuwa "girkin Kiriyolawa", kamar gumbo, wadda sunanta daga sunan kuɓewa ne a harsunan Bantu. 'Yan Nijar sun san gombo a Faransanci.

Malama Zainab: Na yarda da Kiriyolawa, sai dai a kula da wurare uku da masu fassara ke tuntuɓe. Kajun daban suke: Faransawan Kanada ne da Birtaniya ta kora tun daga 1755, suka zauna a karkarar Louisiana. Mutanen unguwar Africatown a Mobile su ma ba Kiriyolawa ba ne, jikokin mutum 110 ne da jirgin Clotilda ya kawo a ɓoye daga Wida ta Dahomey (Jamhuriyar Benin ta yau) a 1860, an haifi kakanninsu a Afirka. Na uku, Kiriyo na Saliyo: tushen sunan ɗaya ne, amma harshensu daga Turanci ya tsiro, a bar musu Kiriyo. Kiriyolanci ma a riƙa faɗin na ina, don na Haiti da na Louisiana ba harshe ɗaya ba ne.

Malam Ɗanjuma: Na janye bacucane, Malama, sai inda takardar cinikin bayi ta ce creole tana bambanta haifaffen gida da wanda aka kawo daga Afirka. A nan ita ce daidai.

Malam Habibu: Madalla. Kiriyolawa ga mutane, Kiriyolanci ga harshe, bacucane ga takardun bauta kawai. Allah ya saka da alheri.