Tambaya: Ta yaya mai farawa za ta samu wurin koyon motsa jiki na sandar ƙarfe a Garwa, ƙasar Kamaru?

Maman Ilham, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Haihuwata uku, kuma tun bayan ta ƙarshen nake jin bayana da hannuwana sun yi sanyi. Nakan zagaya filin wasa na Rumde Ajiya da ƙafa, amma daga watan Maris, idan zafi ya haura digiri 40, tafiyar ba ta yiwuwa sai da asuba, lokacin da nake shirya yara makaranta. Na ga bidiyon mata suna motsa jiki a jikin sandar ƙarfe da aka kafa daga ƙasa zuwa rufin ɗaki, suna ɗaga jikinsu da ƙarfin hannu, abin ya burge ni. Ta ina zan fara nema, kuma me zan duba kafin in biya kuɗina?

Anti Zulai, Gaundare:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi wata biyar ina zuwa irin wannan aji lokacin da muke zaune a Duwala. Ba kasafai ake kafa masa allo a bakin titi ba, saboda haka ki bi gidajen motsa jiki ki tambayi masu horar da mata kai tsaye, sannan ki jefa tambayar a zaurukan WhatsApp na mata, domin ni ma ta bakin wata maƙwabciya na ji. Kada ki biya kuɗin wata sai kin gwada rana guda. Ki girgiza sandar da hannunki ki ji ko tana motsi, ki duba ko akwai katifa mai kauri a gindinta, kuma ki lura ko malamar tana fara aji da ɗumama jiki. Wadda ta ce ki kifa kai ƙasa a makon farko, ki ɗauki jakarki ki tafi. Da farko zagaya sandar ake koya da riƙo, sai hawa daga baya. Fata za ta yi tabo, tafin hannu ya yi kanta. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne dokar mai: ba a shafa basilin ko man kaɗanya a ranar aji, domin santsi zai zame ki, kuma kin san yadda hunturunmu yake yi wa fatar da ba ta ga mai ba.

Hajiya Babba, Yelwa:

'Yata, ƙarfafa jiki abu ne mai kyau, sai dai wannan wasa a gidajen rawar dare na ƙasashen Turawa mutane suka fi saninsa, kuma bakin mutanenmu ba ya jiran bayani. Ki sanar da maigida tukuna. Ki tabbata wurin na mata ne zalla, ƙofa a rufe, kuma an hana ɗaukar hoto da waya. Na kuma ji cewa sai da gajerun kaya ake yi, wannan ne bai kwanta mini ba.

Malamar Wasanni, Marwa:

Hajiya, maganarki tana kan hanya, amma akwai ƙari. A Indiya an daɗe ana wasan Mallakam a jikin turken katako, maza 'yan kokawa ne ma suka fara shi don horo. Na zamani kuma yana da ƙungiyar duniya, IPSF, wadda aka kafa a 2009, tana shirya gasa da alƙalai da maki kamar sauran wasanni. Batun kaya kuwa, dalilinsa shi ne fata ce take kama ƙarfe, yadi kuma zamewa yake yi. Amma akwai sandar da aka lulluɓe da silikon, wani abu mai kama da roba, wadda ake hawa da dogon wando da riga mai hannu, ita ce ta dace da mu.

Maman Ilham, kafin ki samu aji, ki fara abin da ba ya cin ko sisi: dogara hannu a bango kina turawa, tsugunawa da miƙewa, da kwanciya rub da ciki kina ɗaga jiki a kan gwiwar hannu, sau uku a mako. Tunda kin haihu, ki bari ungozoma ko likita su duba ko naman cikinki ya koma ya haɗe, domin idan a rabe yake, rataye jiki zai iya ƙara ɓaraka. In kuma kika yanke shawarar sayen sanda ki koya a gida, mai kaurin milimita 45 aka fi amfani da ita, kuma irin wadda ake matsewa tsakanin ƙasa da sama tana buƙatar rufi mai ƙarfi, kamar na kankare. Kada ki sa mai walda ya haɗa miki da bututun ruwa.

Maman Ilham, Garwa:

Allah ya saka muku da alheri. Rufin ɗakina silin katako ne, don haka sanda a gida ta fita daga lissafi. Na yi magana da Baban Ilham, ya ce in dai mata ne zalla ba shi da ja. Ranar Asabar zan leƙa gidajen motsa jiki biyu da ke kusa da mu in tambaya.