Shawarwari Kan Jawo 'Yan Kallo Zuwa Wasan Dandamali

Da masu shirya wasan kwaikwayo na dandamali suka tattauna dalilin da ya sa kujeru ke zama wayam, yawancinsu sun ɗora laifin kan lokaci kafin talla. Sun ce a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba, domin magidanci ba zai bar iyalinsa su kai dare a waje ba, kuma a keɓe wa mata da yara wurin zama mai inuwa da ƙofar shigarsu daban. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi, tunda uwa ɗaya kan zo da yara uku ko huɗu.

Game da talla, sun fifita sanarwar rediyo a kan fosta, wadda ruwan damina ke saluɓewa daga bango, sannan a yanki gajeren bidiyo daga gwajin wasa a tura ta WhatsApp. Wasu sun ce a sassauta wa ɗalibai kuɗin tikiti, a kuma nufi ranakun bayan Sallah, lokacin da jama'a ke cikin kwalliya suna neman wurin zuwa.