Kwana biyu a Firenze da amarya: ta ina za mu fara yawon ƙafa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya yarda ƙarshen watan Mayu zan kai amaryata Firenze, a Italiya, kwana biyu kacal. Masaukinmu na kusa da tashar jirgin ƙasa ta Santa Maria Novella. So muke mu zaga tsohon garin da ƙafa, a natse. Ita ba ta saba da doguwar tafiya ba, kuma muna kiyaye abin da muke ci. Waɗanda suka san garin, ta ina za mu fara, me za mu bari?

Amsa ta farko: Wa'alaikumussalam ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Garin a dunƙule yake, ba ku buƙatar mota. Ku fito wajen bakwai da rabi na safe, kafin ayarin baƙi su cika tituna. Daga tasha zuwa babbar majami'ar Duomo tafiyar minti goma ce. Daga nan ku miƙe titin Via dei Calzaiuoli zuwa dandalin Piazza della Signoria, ku ratsa farfajiyar gidan tarihin Uffizi har bakin kogin Arno, sai ku yi dama. Ga gadar Ponte Vecchio nan, ginin 1345. Da mahauta ne a kanta, a 1593 aka tashe su aka ba maƙeran zinariya, har yau kuma gwal ake sayarwa. Hoto mai kyau ba a kanta ake ɗauka ba. Ku ƙarasa gada ta gaba, Ponte Santa Trinita, ku waiwayo: za ku ga shagunan sun rataya a kan ruwa, an tokare su da katako.

Babban kuskure shi ne cusa komai a wuni ɗaya. Ƙarfe ɗaya ku koma masauki, ku yi sallah, ku huta har la'asar, domin abin da ya fi daɗi da yamma yake.

Amsa ta biyu: Kan maganar yamman nan zan tsaya. A ƙarshen Mayu rana na faɗuwa wajen tara saura kwata, kuma a dandalin Piazzale Michelangelo da ke kan tudu ake kallonta. Ku tashi daga Ponte Vecchio ƙarfe bakwai, ku bi Via de' Bardi ta unguwar San Niccolò, ku fita ta ƙofar San Miniato. Kamar rabin awa ne, amma ƙarshensa hawa ne mai gajiyarwa. A tsakiyar hawan akwai lambun fure, Giardino delle Rose, shiga kyauta, kuma Mayu ne lokacin furensa. Ku zauna nan ta sha iska. In matattakalar dandalin ta cika, ku ƙara minti biyar zuwa majami'ar San Miniato al Monte, ya fi tsawo, ya fi shiru. In ta gaji tun ƙasa, bas mai lamba 12 ko 13 na kaiwa. Da kun shiga ku buga tikitin a na'ura, don wanda ba a buga ba tara yake jawowa ko da an saya.

Don Allah ta ajiye takalmi mai tsini. Titunan dutse ne aka jera, tsini na maƙalewa a tsakani. Sabon takalmi ma kada ta sa, zai yi mata kanta.

Amsa ta uku: Wasu za su ce lallai ku hau kubbar Brunelleschi, wato kubbar majami'ar Duomo. Ni ban goyi baya ba, tunda ka ce ba ta saba ba. Matakala 463 ce, babu lif, hanyar a matse, kuma sai an kama lokaci a intanet tun da wuri. Hasumiyar Giotto da ke gefe 414 ce, tana da wuraren tsayawa a huta, daga samanta kuma kubbar kanta za ku gani. Sannan gidajen tarihin Uffizi da Accademia ba sa buɗewa ran Litinin. Ka kuma sanar da ita tun a gida cewa da yawa daga gumakan dandalin Piazza della Signoria tsirara suke, har da kwafin gunkin David.

Amsa ta huɗu: Ɗan'uwa, ga batun ci. Haddace waɗannan, duk alade ne: prosciutto, salame, finocchiona, pancetta, guanciale, lardo. Mai ɓuya shi ne strutto, kitsen alade da wasu ke sawa a burodi, don haka ka tambaya. Ka ce "senza maiale, senza vino", wato ban da alade, ban da giya. Ribollita da pappa al pomodoro na kayan lambu da burodi ne, sai dai ka tambayi romon da aka sa. A gelato, wato askirim, ku guji Malaga da zabaione, akwai giya. In kun zauna a teburi za a ƙara kuɗin zama da ake kira coperto, yana rubuce a takardar abinci. Ruwan sha kuwa akwai famfo kyauta a jikin ginin Palazzo Vecchio da ke Piazza della Signoria, ku riƙe gora.

Amsa ta biyar: Kada ku maƙala kwaɗon soyayya a Ponte Vecchio, akwai tara. Jakar jabu da ake shimfiɗawa a titi ma mai saye na shan tara. Masu shimfiɗa zane-zane a ƙasa kuma, in ka taka sai su ce ka biya, don haka ku riƙa duba gabanku a kusa da Duomo.