Ciwon dunduniya wata huɗu: takalmi zan sauya ko shimfiɗar ciki zan sa a yi mini?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikina na tsayuwa ne, awa tara a kan siminti, kuma dokar wurin aikinmu baƙin takalmi sau-ciki, ba silifa ba kambas. Wata huɗu ke nan in na sauko daga gado da asuba, takun farko kamar na taka ƙusa da dunduniyar dama. In na ɗan zazzaga sai ya lafa, yamma na yi ya dawo. Likita ya ce jijiyar nan da ta shimfiɗu daga dunduniya zuwa yatsu ce ta gaji. Ya ba ni zaɓi: ko a auna ƙafata a yi mini shimfiɗar cikin takalmi, ko in sayi takalmi mai kaurin ƙasa. Kuɗin ɗaya kawai nake da shi a wannan watan. Wanda ya taɓa gwada ɗaya, don Allah me ya gani?

Ɗan Tsere: Wa alaikumus salam Hajiya. Takalmin ne ciwon, ki yar da shi. Ƙafa ɗaya ƙashi 26 ne a cikinta, mun kulle ta a akwati har ta manta aikinta. Ni shekara biyu ke nan ina gudu da mai siririn ƙasa, garau nake. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun yada ƙanin wani a gasar Olamfik ta Rum a 1960.

Dogo: To madalla. Ta tafi aiki ba takalmi, a sallame ta, ta zauna a gida, dunduniya ta warke. Magani kyauta.

Malamin Tarihi: Ɗan Tsere, ƙarasa labarin mana. A Tokyo a 1964 Bikila da takalminsa ya yi gudun, ya sake lashewa, kuma ya fi sauri.

Anti Uwani: Ƙanwata, ni dai ki ji nawa. Shekara shida na yi a gaban teburin karɓar baƙi, sharaɗin aikin takalmi mai tsini mai siririn baki. Da farko kanta ce a ƙaramin yatsa, ina kankare ta da reza ina dariya. Daga nan babban yatsan hagu ya fara karkata yana hawa kan na kusa da shi, gindinsa ya turo waje kamar an cusa dutse. In na dawo gida na tuɓe, shatin ɗinkin takalmin na nan ja wur a fatata har in kwanta. Ranar da na sa silifa na ji agarata na ja kamar za ta tsinke, likita ya ce ta saba da ɗage dunduniya har ta ƙage. Na kai wa shugabarmu takardar likita, ta dube ni ta ce ita ma haka take fama, in yi haƙuri. Ƙarshe aiki aka yi mini a yatsan, na yi makonni ban taka sosai ba, na koma na tarar an ba wata kujerata. Ko sannu babu. Har yau in na ga yarinya tana ƙwas-ƙwas da irin takalmin nan sai gabana ya faɗi.

Maman Biyu: Subhanallahi, sannu Anti. Allah ya saka miki. Amma nawa ba mai tsini ba ne, shafaffe ne.

Anti Uwani: Duk ɗaya ne, haka nawa ya fara.

Nas Ɗin Dare: Ba ɗaya ba ne Anti, da girmamawa. Karkatar babban yatsa akwai gado a ciki, matsattsen takalmi yana ƙara rura shi ne. Nata jijiyar tafin ƙafa ce, kuma yawancin masu ita suna samun sauƙi cikin watanni ba tare da an yi musu aiki ba. Maman Biyu, kafin ki sauko daga gado ki riƙa jawo yatsunki sama da hannu, ki riƙa miƙar da sha-raɓa jikin bango, da yamma ki murza tafin ƙafar a kan gorar ruwa mai ƙanƙara. Shafaffen takalmi mai siririn ƙasa a kan siminti shi ma azaba ne. Kuma masu cewa a yi yawo ba takalmi, ban da mai ciwon suga, don shi yana iya taka ƙusa bai ji ba.

Ɗan Tsere: Ku ma'aikatan asibiti komai sai kun tsorata mutane.

Nas Ɗin Dare: Kai gudun minti arba'in kake yi ka je ka zauna. Ni awa goma sha biyu nake yi a tsaye. Wa ya fi kusa da matsalarta?

Baba Mai Guduma: Ku duka yara ne. Shekara talatin ina gyaran takalmi. Juya shi kawai zan yi in ga gefen da ya cinye, in faɗa maka yadda mai shi yake taku. 'Yata, kafin ki kashe ko sisi, ɗora takalmin naki a kan tebur ki duba ta baya. In ya jirkice gefe guda, ya mutu.

Ummu Hanan: Shimfiɗar aunawar nan fa tsada, tawa ta ci kuɗin takalmi uku, kuma ba ta shiga sau-cikina ba, sai da na sayi wani mai zurfi.

Dogo: An yanke ki. Ta matata ko rabin kuɗin takalmi ba ta kai ba.

Ummu Hanan: Ta kanti ka saya mata, ba ta aunawa ba. Matar taka ma ka yi mata arha.

Malamin Tarihi: Abin dariya, shimfiɗar ciki ba sabon abu ba ne. Mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, wanda ya rayu shekara kusan 5,300 da suka wuce, ciyawa ce cushe a takalminsa. Shi kuma dogon dunduniyar da ya cuci Anti, na maza ne tun asali: mahayan Farisa ke sa shi don ƙafa ta kama likkafa, daga baya Sarki Louis na 14 na Faransa ya mai da jan dunduniya ado a fadarsa.

Dogo: Ke nan Maman Biyu ta cusa ciyawa, Anti ta sayi doki.

Ummu Hanan: Ni abin da ya fi ƙona mini rai lamba. Bayan haihuwata ta biyu ƙafata ta ƙaru, 39 ta daina shiga. Na yi odar 40 ta intanet, ya zo ya fi tsohon 39 ɗina matsewa. Na ce zan mayar, wai na riga na taka shi. A kan kafet fa, taku uku!

Baba Mai Guduma: Wa ya ce ki sayi takalmi a hoto? Da yamma ake gwaji, lokacin da ƙafa ta kumbura, a tsaye, da safar da za a sa. Ƙafar da ta fi girma ake bi, a bar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Masu cewa zai buɗe in an sa, ƙafarki ce za ta biya.

Anti Uwani: Ni ma haka mai sayarwar ta ce mini, zai buɗe. Shekara shida ina jira.

Ummu Hanan: Kuma kuɗin mayarwar ma ni suka ce in biya. Akwai wanda ya taɓa karɓo kuɗinsa daga irin mutanen nan?

Maman Biyu: Baba, na duba, na dama ya jirkice waje sosai. To in na sa shimfiɗa a cikinsa a haka, asara ce ke nan?