"Regeneration" da Hausa: me zan karanta wa mutanen bakin teku ranar Asabar?

Ɗan Sabon Zango: Salamu alaikum jama'a. Ku taimake ni kafin Asabar. An ba ni takardar Turanci in mayar Hausa, za a karanta wa 'yan kasuwa da 'yan hayarmu da ke zaune a tsohon gari, wato Jamestown da Ussher Town, nan Ankara (tamu ta Ghana, wato Accra, ba ta Turkiyya ba). Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "regeneration". Nufinsu dai unguwa ce a tsakiyar gari, a bakin teku, wadda a da take ci, arziki ya ƙaura, gidaje suka tsufa, sai a zauna a tsara yadda za a gyara kwatami da hanya da kasuwa da gidaje, sana'a ta dawo. Na rubuta "sabuntawa", na karanta wa tsohuwata, ta ce, "To, rushewa za su yi ke nan." Sai na ajiye biro.

Hajiya mai albasa: Ɗana, gaskiyar Inna ce. Mu kunnenmu ya saba. A watan Yuli na 2021 aka tashe mu daga kasuwar Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, can wajen Amasaman, kuma da kalmomi masu daɗi aka fara. Ka rubuta "rusau" ka huta.

Ɗalibin tsara birane, Kumasi: Hajiya, a gafarce ni, rusau sunan abin da kan faru ne idan aiki ya lalace, ba sunan aikin ba. Turawa ma suna da kalmomi daban-daban: akwai ta share wuri a gina sabo, akwai wannan da ake tambaya, wadda asalinta daga halittu ne, kamar yadda wutsiyar ƙadangare ke sake fitowa. Ni da "raya unguwa" zan ce. Muna da raya ƙasa, raya karkara, kowa ya gane.

Malam na Nima: Wa alaikumus salam. Ɗalibi, "raya" tana da kaya biyu a kanta. Na farko, an riga an ɗora mata aikin ci gaba. Da aka kafa ma'aikatar zanguna da tsakiyar birane a 2017, da asusun zango na waccan shekarar, "raya zango" muka riƙa cewa. Kana faɗinta mutum zai hango famfo da filin ƙwallo da ajin makaranta.

Na biyun ya fi nauyi, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san shi. A fiƙihu akwai babin raya matacciyar ƙasa, kuma hadisi ya zo cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa ta zama tasa. Mece ce matacciyar ƙasa? Wadda ba mai ita, ba gini, ba shuka. To ka tsaya gaban mutanen Ga Mashie, wato tsohon garin nan na ƙabilar Ga, ka ce za a raya musu unguwa, ka yi musu hukunci biyu ba ka sani ba: wurin matacce ne, kuma mai rayawa shi zai mallaka. Unguwar da ake fita kamun kifi kafin asuba, ake banda kifi da rana, yaran unguwar Bukom na koyon dambe da yamma, ake yayyafa kpokpoi, abincin gargajiyarsu, kowace shekara a bikinsu na Homowo, ita ce matacciya? Unguwar da ta fitar da zakaran dambe Azumah Nelson? Ban yarda ba.

Ɗalibin tsara birane, Kumasi: Allah ya gafarta Malam, wannan ban taɓa hango shi ba. To "sabon toho" fa? Shi ne ya fi kusa da asalin kalmar.

Hajiya mai albasa: Itace ba ya toho sai an sare shi. Mun dawo gidan jiya.

Baba tsohon direban Tema: Ku bar ni in ba ku labarin ciwon kafin ku sa wa maganin suna. Mahaifina ya yi dako a bakin tekun nan. A zamaninsu manyan jirage ba sa matsowa gaɓa, can cikin ruwa suke tsayawa, kwale-kwale ke zuwa ya kwaso kaya, a kawo koko a tafi da shi. Duk manyan shaguna da rumbunan ajiya nan suke, jirgin ƙasa na saukowa har bakin ruwa. A 1962 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema, aiki ya kwashe ya koma can, mu ma muka bi shi. Hasumiyar fitila da aka gina a shekarun 1930 tana nan tsaye da ja da farinta, amma ba jirgin kaya da take kira. James Fort, inda aka tsare Nkrumah a 1950, ya ci gaba da zama kurkuku har 2008. Ganuwar Ussher Fort kuwa tun 1649 mutanen Holan suka gina shi. Babu abin da ya mutu. Jini ne aka zuƙe wa wurin, ya faɗi ya suma. Wanda ya suma kuwa me ake yi masa? A yayyafa masa ruwa ya farfaɗo.

Ɗan Sabon Zango: Baba, Allah ya ƙara girma. "Farfaɗo da unguwa." Bari in ɗanɗana ta a baki. Amma na ga 'yan jarida na cewa "tayar da komaɗa" idan ana maganar tattalin arziki. Ba ta fi zama Hausa ba?

Malam na Nima: Hausa ce tsantsa, amma karin magana ce, ba ta zama sunan shiri a kan takarda. Ka ajiye ta don bayani da baki. "Garambawul" ta inji ce da majalisar ministoci. "Kwaskwarima" kuwa ka riƙe ta a aljihu, za ka buƙace ta: ita ce idan an shafe bangon High Street da fenti saboda baƙi, kamar yadda masu zane ke yi lokacin bikin Chale Wote da aka fara a 2011, alhali bayan bangon mutum goma na kwana ɗaki ɗaya, ba makewayi. Ba laifin masu zanen ba ne, su nasu aikin suka yi.

Abin da ya sa na bi bayan Baba shi ne wannan: wanda aka farfaɗo da shi, shi ne dai wanda ya suma. Ba a ɗauke shi a kawo wani mai sabuwar riga a kwantar a gurbinsa a ce ya farfaɗo. Kalmar da kanta tana riƙe da sharaɗin cewa masu wurin na nan. "Sabunta" ba ta da wannan. Ana sabunta lasisi, ana sabunta rufin kwano, tsohon a jefar.

Hajiya mai albasa: Na ji, Malam. Amma tashar masunta da China ta ba da kuɗinta, wadda aka buɗe a Satumbar 2024, ba sai da aka rushe rumfuna da ɗakunan mutane a Mayun 2020 aka fara ta ba? Ga kuma aikin sake gina bakin teku da ake kira Marine Drive, eka 241 daga fadar Osu zuwa wajen Arts Centre. Duk wannan farfaɗowa za a kira shi?

Malam na Nima: A'a, Hajiya, kuma amfanin kalmar ke nan. Idan takarda ta ce farfaɗowa, kina da hurumin ki miƙe a taro ki ce, ina sumammen, kun kai shi ina? Mu ma nan gemun ɗan'uwa muke kallo. A 2019 shugaban ƙasa na lokacin ya ambaci unguwarmu Nima a jawabinsa gaban majalisa da wannan kalma ɗin dai ta Turanci. Gara mu san Hausarta tun ba a zo ƙofarmu ba.

Ɗalibin tsara birane, Kumasi: Na janye "raya". Sai dai a sa "shiri" ko "tsari" a gaba, don har yanzu a takarda abin yake, ba a ɗora bulo ko ɗaya ba.

Ɗan Sabon Zango: To ga yadda na rubuta kan takardar: "Shirin farfaɗo da tsohon gari na bakin teku." Inda suka yi maganar gini ɗaya, kamar kasuwar Salaga, na sa "gyara" ko "sabunta". A shafi na uku akwai wurin da suka ce za a share wasu rumfuna, can na rubuta "rushewa" ƙarara, ban sakaya ba. Na karanta wa tsohuwata kan takardar, ta ce, "Allah ya sa ya tashi da ƙafafunsa." Hajiya, ƙarfe goma ne ranar Asabar, in kina da hali ki zo, shafi na uku nake so ki ji.

Hajiya mai albasa: In Allah ya yarda. Ka ajiye mini kujera a gaba, ɗana, kunnena ɗaya ba ya ji sosai.