Shawarwarin malamai kan koyar da ƙuruciyar Malam Aminu Kano

Wasu malaman tarihi sun zauna a Sakkwato bayan la'asar, suna tattauna yadda za a koya wa ɗalibai ƙuruciyar Malam Aminu Kano.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce kada a fara da jam'iyyarsa ta siyasa, NEPU. A fara da gida: an haife shi a Kano a 1920, mahaifinsa Malam Yusuf mufti ne a kotun alƙali, kuma ya fara da karatun allo kafin Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna. Wani dattijo ya ce, “Malamai, yaro in ya ji cewa Malam ma ya riƙe allo ya wanke, zai saurara.”

An ɗan yi gardama kan zuwansa Jami'ar Landan a 1946. Wasu na ganin can idonsa ya buɗe. Ni dai na fi yarda da masu cewa tun yana koyarwa a Bauchi, tare da mawaƙi ɗan gwagwarmaya Sa'adu Zungur, ya fara kare talaka.

An kuma ce a nuna wa yara Maru a taswira, inda ya koyar lokacin tana lardin Sakkwato, kafin ya ajiye aikin a 1950.