Shawarar majalisa ga mai zuwa Galapagos

Jiya a majalisarmu, kusa da Baturiya, aka taru kan ƙaninmu da karatu zai kai tsibiran Galapagos, waɗanda aman wuta ya haifar, kusan kilomita 1,000 daga gaɓar Ikwado.

Masunta suka ce kada ya shiga jirgi ba rigar ceto, kuma teku ba Kogin Haɗeja ba ce, akwai sanyi da igiyar ruwa. Suka ce ya fara koyon numfashi ta bututu a cikin ruwa inda ba zurfi.

Ta malamin makarantarmu ce ta fi kama ni: ya bar tazarar mita 2 tsakaninsa da dabba, ko manyan kunkuran nan, ko ƙadangarun da ke nutso suna cin gansakuka. Ba taɓawa, ba ciyarwa, kuma ƙafarsa ƙafar jagora.